Sannun Koci da Sannun Gari

Duk wanda ya san Abdulhalim a unguwar Hausare ta Garwa ya san ba a dace ba wajen raɗa masa suna. Malamai sun ce sunan na mai haƙuri ne, mai sanyin hali, amma shi ya tashi kamar an barbaɗa masa barkono a tafin ƙafa. In an aike shi kasuwa da gudu yake zuwa. In an zuba masa kunu sai ya ƙona harshe. A rumfar kilishin kawunsa, inda yake aiki, har tsawa ake yi masa don ya rage hannu, kada ya yayyaga naman wajen shanya.

Da ya zama saurayi sai wannan wutar ta koma gudu. Ba gudun ƙwallo ba, gudun dogon zango, irin wanda ake kewaye gari ana gumi har mutum ya manta sunansa. Kuma Allah ya ba shi ƙafa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Abin da bai samu ba shi ne birki.

Bara ne abin ya kai shi ƙasa. An yi babban tsere a Ngawundere, ya hau mota ya tafi yana cika baki. Da aka busa usur ya fita kamar an biyo shi da wuƙa, ya bar kowa a baya, har yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Can wajen tashar jirgin ƙasa, tseren bai ma kusa ƙarewa ba, sai ya ga duhu yana shigowa ta gefen idonsa. Abin da ya sani bayan nan shi ne gadon asibiti, da allurar ƙarin ruwa a hannu, da fuskar mahaifiyarsa, Inna Hamida, wadda ta biyo motar haya tun daga Garwa, ta bi hanyar kan dutse mai lanƙwasa da ke tsakanin garuruwan biyu, wadda take tsoro, ba ta ko canza zane ba.

Ba ta yi masa faɗa a asibiti ba. Sai da suka dawo gida, ya murmure, ya fara shafa takalminsa yana kallon ƙofa, sannan ta kira shi ɗaki.

"Abdu, zauna. Ban hana ka gudu ba, don na san in na hana ka ciwo za ka yi. Amma ka ji ni da kyau. Ran da aka sake ɗauko ka a kwance, ran nan ka gama. Takalmin nan ni da hannuna zan kai shi kogi."

"Inna, ai tsautsayi ne..."

"Ban tambaye ka sunansa ba. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya yarda. Ya san ta, ba ta magana biyu. Kuma ya san kansa: in aka raba shi da gudu, bai ga abin da zai tashe shi da asuba ba.

Ana nan sai aka turo wani sabon malamin wasanni makarantar lise, wato sakandaren garin, sunansa Gédéon, mutumin kudu ne daga wajen Ebolowa. Gajere ne mai tumbi, in ka gan shi ba za ka ce ya taɓa korar ko akuya ba, amma an ce a zamaninsa ya yi gudu har ƙasashen waje. Ya ga Abdulhalim a filin wasa na Rumde Ajiya yana zagaye kamar zai fasa ƙirji, ya tsaya ya kalle shi, ya girgiza kai, ya kira shi da hannu.

"Mon petit, yarona, kullum haka kake yi?"

"Kullum, Koci," in ji Abdulhalim, yana haki, yana jiran yabo.

"To kullum kana kashe kanka ke nan."

Daga ranar Gédéon ya karɓe shi, kuma daga ranar Abdulhalim ya shiga abin da ya ɗauka wulaƙanci ne. Koci ya ce yawancin kwanakin mako gudun sanyi za a yi, wanda mutum zai iya hira a cikinsa. Ya hau tsohon kekensa yana bin sa a gefe, yana cewa ya ba shi labari: yadda ake yanka naman kilishi, yadda ake haɗa labu da gyaɗa da yaji, wa ya auri wa a unguwa. Da zarar numfashi ya katse masa magana a tsakiya, sai Koci ya taka birki ya ce a rage. Gudu mai zafi kuwa sai jefi-jefi, a filin wasa, da hutu a tsakani, kuma ko Abdulhalim ya roƙi ƙari ba ya samu. Akwai ma ranar da ake cewa ya zauna a gida kawai, wai hutun ma horo ne.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Mai shayin bakin titi yakan leƙo ya ce, "Abdu, yau ma jinya ake yi?" Matan da ke zuwa ɗiban ruwa suka fara ce masa tsoho. Wata safiya wani jaki ɗauke da itace ya wuce shi, mai jakin ya waiwayo ya yi masa murmushin tausayi. Ya dawo gida ranar bai ci abinci ba. Amma a ɓoye ya lura da wani abu da bai gaya wa kowa ba: ciwon gwiwar da ya saba kwana da shi ya tafi, kuma yana gama gudu ya wuce rumfa ya yi aiki kamar bai je ko'ina ba.

Da lokacin tseren Garwa ya matso, na kilomita ashirin da ɗoriya, wanda ake tashi daga filin wasa a ratsa gari a kai gadar Binuwai a dawo, sai hankalin Koci ya ƙi kwanciya. Ya san yaronsa. A horo yana jin magana, amma in ya ji usur da ihun jama'a, sai Allah.

Ana jibi tsere ya zaunar da shi a inuwar wata darbejiya. Ya ce zai jera ɗalibansa da abokansa a kan hanya, kowa da agogo, duk wanda ya ga Abdulhalim ya wuce ƙima zai yi masa alama ya rage. In an ce "doucement", wato a hankali da Faransanci, kowa zai ji, abokan hamayya su gane dabararsu. Don haka ya zaɓo kalma ta sirri, ta Hausa, wadda ya koya wajen wani mai babur ɗin haya ran da Koci ya roƙe shi ya bi da shi a hankali.

"Sanu," in ji Koci, yana ɗaga yatsa, yana jin daɗin kansa. "In ka ji an ce sanu, ka rage. Ko wa ya faɗa. Ba ka san duk mutanena ba, kada ka tsaya duba fuska. Rantse mini."

Nan ne ya kamata Abdulhalim, ɗan Hausare, wanda aka haifa cikin sannu aka yi masa wanka da sannu, ya buɗe baki ya ce, Koci, akwai matsala. Amma hankalinsa yana kan sabuwar igiyar takalminsa, kuma yadda Koci ya faɗi kalmar ya ba shi dariya. Ya ce, "Wallahi na yi alkawari." Ya tashi ya kaɗe wando.

Ranar tsere gari ya waye da zafinsa tun kafin rana ta fito sosai, irin zafin Garwa da ba ya jiran azahar. Da zai fita Inna Hamida ta dafa kansa ta yi addu'a. Ƙanwarsa Haula ta raka shi ƙofa ta ce kada ya ba su kunya. A filin wasa an taru maƙil: sojoji, ɗalibai, 'yan Marwa, 'yan kudu da rigunansu masu sheƙi. A gefensa aka tsayar da wani dogo daga Kusseri mai suna Abdelkerim, wanda ya wuce shi yana kwance bara a Ngawundere. Dogon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yau a ina za ka kwanta?"

Aka busa usur.

Duk abin da Koci ya shafe watanni yana ɗura masa ya zube a bakin ƙofar filin. Abdelkerim ya miƙa ƙafa, Abdulhalim ya manne masa a baya, jininsa yana tafasa. Jikinsa sakayau, ƙafafun kamar ba nasa ba. Ya ce a ransa, yau sai dogon nan ya haɗiye maganarsa. Haka suka sha kwana suka shigo Hausare, su ne a sahun gaba, jama'a sun cika bakin titi.

"Sannu!"

Muryar wani dattijo ce daga gindin masallaci. Abdulhalim ya ji kamar an ja shi da igiya ta baya. Tun yanzu? Ya cije leɓe, ya tuna rantsuwarsa, ya rage kaɗan. Abdelkerim ya ba shi taku biyu, uku, ya fara nisa.

Bai gama haɗiye wannan ba sai wata mata daga ƙofar gida: "Wayyo, sannu, ɗan nan!" Ya sake ragewa. Gaba kaɗan masu faci suka haɗa baki, "Sannu Abdu! Sannu da ƙoƙari!" Mai shayin nan da ke yi masa ba'a ya ɗaga ludayi sama yana ihu, "Sannu, tsoho!"

A nan ne abin ya faɗo masa, ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Ai unguwarsu ce. Wa zai ga ɗan unguwa yana gumi a rana bai ce masa sannu ba? Ko kaya ka ɗauko sannu ce, ko tuntuɓe ka yi sannu ce, balle ka fito da gajeren wando kana haki a gaban iyayenka. To wacce ce ta Koci, wacce ce ta gaisuwa?

Ya fara satar kallon fuskoki, ko da yake an hana shi. Wani saurayi mai agogo ya ce sannu, wannan lalle na Koci ne. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta ce sannu, wannan kam ba yadda za a yi a ce Koci ya sa ta. Sai kuma ya tuna kullum da safe Koci yana zuwa da ƙosai a takarda, kuma bai taɓa tambayar inda yake saye ba. In ita ce fa? Mutumin ya ce ko wa ya faɗa. Shi kuma ya ce wallahi, da bakinsa, ba wanda ya matsa masa wuya.

Haka ya ratsa Hausare yana ragewa yana ƙunƙuni. Mutane suka yi ta wuce shi: sojoji biyu, wani ɗan makaranta, har da wani mai furfura a gemu. Takaici ya cika shi har wuya. Ya zagi Koci a zuci, ya zagi mai babur ɗin da ya koya masa Hausa, ya zagi kansa da ya tsaya kallon igiyar takalmi. Abin da ya fi ba shi haushi, sau biyu yana jin bakinsa ya amsa da kansa, "Yawwa, sannu kadai," don ba a yi masa tarbiyyar a gaishe shi ya yi shiru ba.

Da ya fita unguwar ya ce to, yanzu zai rama. Ina! Fulanin gari ma sun iya sannu, sun daɗe da karɓarta. Duk lokacin da ya fara ɗaga ƙafa sai wani bawan Allah ya jefo masa ita daga inuwa. Daga baya ya gaji da faɗa da abin, ya zauna a kan gudun da ya saba yi a gefen keken Koci, ya ɗan ɗara shi kaɗan. Ya karɓi ruwa a inda ake miƙawa, ya sha, ya zuba saura a ka. Ya ga a wannan tafiyar zai iya ba da labarin kilishi tun daga yanka har shanya, numfashi bai katse ba.

Kafin ya kai gada rana ta tsaya a kan mutane sosai. Kwalta ta fara turiri, kogin Binuwai yana ƙyalli a ƙasa har ido ba ya son kallo. A nan ya ga mai furfurar nan ya koma tafiya, hannu a ƙugu. Ya wuce shi. Ya wuce ɗan makarantar yana amai a gefen titi. A kan dawowa ya cim ma sojojin nan biyu, suna jan ƙafa kamar an ɗaura musu duwatsu, ya raba tsakaninsu ya wuce. Shi bai ƙara gudu ba ko kaɗan. Su ne suke dawowa wajensa ɗaya bayan ɗaya.

Can gaba, a gindin wata bishiya, ya hango doguwar ƙafa a miƙe. Abdelkerim ne zaune a ƙasa, wasu suna yi masa fifita da kwali, wani yana zuba masa ruwa a ƙeya. Abdulhalim ya tanadi maganar da zai mayar masa tun daga filin wasa, ya gyara ta, ya wasa ta. Da ya zo daidai shi ya ga yadda idon dogon ya faɗa, ya tuna gadon Ngawundere, sai abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Sannu, ɗan'uwa."

Saura kwata na hanya tsoro ya kama shi. Daidai irin nan ne bara duhu ya zo. Ya fara sauraren jikinsa kamar mai jiran ɓarawo: yana duba gefen idonsa, yana jiran kunnuwansa su toshe, yana jiran ƙasa ta karkata. A zuci ya ga takalminsa a hannun Inna, ya ga kogi. Ya yi ta jira. Ƙafafun sun yi nauyi, gaskiya ne, cinyoyinsa suna zafi, amma titi yana nan a miƙe, bishiyoyi suna nan kore, yana jin kukan yara da ƙarar babura tsaf. Duhun bai zo ba. Da ya hango fitilun filin wasa dogaye a sama da rufin gidaje, wani sanyi ya sauko masa daga wuya har ciki, ya ji hawaye sun haɗu da gumi. Sai a lokacin ya saki ƙafa, kuma ko an ce masa sannu a wannan ɗan tsakanin, shi dai bai ji ba.

Bai zo na ɗaya ba, wasu 'yan kudu biyu da wani soja da wasu sun riga shi. Amma yana cikin goman farko, kuma a tsaye ya tsallake layin. Ya tsaya da ƙafafunsa, ya karɓi ruwa da hannunsa, ya ƙi ko zama, don kada wani ya ga ya kai ƙasa ya kai labari gida.

Yana nan tsaye sai ga Koci Gédéon ya kutso cikin jama'a, yana tura keke, rigarsa sharkaf, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da ya ga Abdulhalim a tsaye ya saki keken ya faɗi.

"Mon petit! Kana da rai! Pardon, pardon, ka yafe mini."

"Na yafe me, Koci? Amma gaskiya mutanenka sun yi yawa. Har da mai ƙosai?"

Koci ya buɗe baki. "Wace mai ƙosai? Ba ni da kowa a hanya! Ɗalibaina da abokaina duk an kwashe su rabon ruwa tun da safe. Ni kuma jandarmomi suka tare ni da igiya a wancan gefen, suka ce keke ba ya wucewa. Ina can ina ta addu'a, na ce yaron nan zai kashe kansa, ba mai ce masa sanu."

"Ba ko mutum ɗaya?"

"Ko ɗaya. To wa ya ce maka sanu?"

Abdulhalim ya dube shi, dariya ta taso masa daga cikin da ba shi da ƙarfin ɗaukarta. Ya riƙe haƙarƙari. "Koci, duk gari. Gaisuwa ce. Haka muke gaida wanda ya sha wahala."

Sai da aka maimaita wa Koci da Faransanci kafin ya gane. Ya dafe tumbi ya yi ta dariya har yana tari, yana cewa shi da ya zaɓo kalmar sirri ashe ya zaɓo wadda ke bakin kowa. Ya rungume yaron da gumi da komai. Ya so su tsaya a kira sunayen waɗanda suka yi nasara, amma Abdulhalim ya ce akwai wadda ya kamata ta gan shi tukuna.

Ya ƙi hawa babur. Da ƙafa ya taka har Hausare, yana ɗingishi kaɗan, yana amsa barka. Ya yi sallama a gida yana gyara tsayuwa, sai ya tarar da Haula ita kaɗai tana tsintar shinkafa. Ta yi tsalle ta yi guɗa, sannan ta kama baki.

"Yaya, Inna ba ta nan. Tun da ka fita ta fita."

"Filin wasa ta je? Ban gan ta ba."

Haula ta sunkuyar da kai. "Asibiti ta tafi. Ta ce bara sai da ka daɗe a kwance cikin baƙi kafin ta iso. Ta ce bana ita za ta riga ka zuwa."

Abdulhalim ko zama bai yi ba. Ya juya ya fita.

Daga nesa ya hango ta a bakin ƙofar asibitin, a inuwar katanga, zaune a kan 'yar tabarma. Ta zo da shirinta cikakke: bokiti, da bargo a naɗe, da fulas ɗin kunu, da buta, har da matashin kansa na gida. Carbi yana hannunta amma ba ta ja. Duk motar da ta rage gudu za ta shiga sai ta miƙe tsaye ta leƙa ta taga, in ta ga ba shi ba ne ta koma ta zauna. Yana tahowa ya ga ta yi haka sau biyu. Bai taɓa ganin ta tsufa ba sai ranar.

Ya zo ta bayanta ya durƙusa, cinyoyinsa suna kuka.

"Inna."

"Dakata," ta ce, ba ta waiwayo ba, idonta a kan wata farar mota da ta sha kwana. "Bari in ga wannan."

"Inna, ni ne."

Ta juyo a hankali. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannuwansa ko akwai allura, ta dubi ƙafafunsa da suka yi buɗu-buɗu da ƙasa. Ta leƙa bayansa tana neman waɗanda suka riƙo shi.

"Wa ya kawo ka?"

"Ba kowa, Inna. Da ƙafata na zo. Na gama tseren, a tsaye."

Ta kama kafaɗarsa ta matsa da ƙarfi, kamar mai duba ko ƙwarya ta tsage. Sai ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta zauna daɓas a kan tabarmar, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta rawa. Ya bar ta ta yi mai isarta, shi ma yana share nasa da gefen riga, mutane suna wucewa suna kallonsu, wataƙila suna zaton an yi musu mutuwa.

Da ta gama ta fyace hanci, ta buɗe fulas ta zuba masa kunun da ta dama don majinyaci. Ya sha yana tsugune. Ta miƙe, ta naɗe tabarma, ta cusa bargo da matashi a bokiti, ta ɗora masa a ka.

"Tunda ƙafar tana aiki, ɗauki," ta ce. "Mu bar wurin nan kafin su saba da fuskarmu."